Al-Maghili: Daga sanyin Tilimsan zuwa birnin Kano

An haifi Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili a Tilimsan ta Aljeriya, garin tsauni mai sanyin da ba ya barin dabino ya nuna sosai. Ya koma Tuwat cikin Sahara, inda dabino ne abinci, shi ne dukiya.

Ya iso Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya rubuta masa littafi kan mulki. Shi ne ya sa aka sare bishiyar da ake bauta wa, aka gina masallaci a wurin.

Yana Gao aka kashe ɗansa a Tuwat. Ya koma can, ya rasu wajen 1504. Zuriyarsa na nan a unguwar Sharifai.