Stanislaw Ulam, masanin lissafin da ya tsinci dabara a wasan karta

An haifi Stanislaw Ulam a 1909 a birnin Lwow, wanda yanzu yake cikin Yukiren. Ya tashi zuwa Amurka a watan Agustan 1939, dab da ɓarkewar yaƙi, wanda a cikinsa 'yan Nazi suka halaka mahaifinsa.

A 1946, yana murmurewa daga ciwon ƙwaƙwalwa, yakan ɗebe kewa da wasan karta na mutum ɗaya. Da lissafin yiwuwar cin wasan ya gagare shi, sai ya lura cewa ya fi sauƙi a buga sau ɗari a ƙirga nasarorin. Shi da John von Neumann suka ɗora dabarar kan matsalolin nukiliya, aka gwada ta a kwamfutar ENIAC a 1948, da sunan Monte Carlo.

Da ita ce manhajoji irin su MCNP suke kwaikwayon na'urar auna hasken gama: su bi miliyoyin ƙwayoyin hasken ɗaya bayan ɗaya cikin ƙanƙarar jameniyam, su nuna abin da na'urar za ta karanta tun ba a ƙera ta ba.

Hannunsa dumu-dumu yake kuma cikin ƙirar bam ɗin haidurojin a 1951. Ya mutu a Santa Fe a 1984.