Marigayi Teslim Balogun

An haifi Teslim Balogun a Ikko. Saboda ƙarfin bugunsa aka yi masa laƙabi da Thunder, watau aradu. Ya yi wa ƙungiyar Reluwe wasa, kana ta Jos. Yana cikin 'yan ƙwallon Nijeriya da suka ziyarci Ingila a 1949, yawancinsu ba takalmi.

A 1955 ya koma Ingila, ya fara daga ƙananan ƙungiyoyin da ba sa cikin babbar gasa, watau Peterborough da Skegness, har Queens Park Rangers ta ɗauke shi a 1956. Da ya komo gida, sai ya duƙufa ga horar da matasa.

Ya rasu ran 30 ga Yuli, 1972. An sa wa wani filin wasa a Surulere sunansa.