Ɗan Maƙeri da Ƙwaryar Nono

Ni ɗan maƙeri ne. Saboda haka ran da malaminmu na kimiyya ya ambata mana cewa uban Michael Faraday ma ƙira ce sana'arsa, sai na gyara zama. Ga abin da na tsinto na labarinsa, na kawo wa 'yan'uwana.

An haife shi a gefen birnin Landan ran 22 ga Satumba, 1791. Iyayensa talakawa ne ƙwarai, makaranta kuwa bai yi nisa ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wurin wani mai kanti, ya shekara 7 a nan. In an ba shi littafi ya ɗinka, sai ya bi shi ya karance. Cikin 1812 ya je ya saurari laccocin wani shahararren masani, Humphry Davy. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi, ya aika masa. Da shekara ta kewayo Davy ya ɗauke shi mataimaki a Royal Institution. Da suka tafi yawon ƙasashen Turai, matar Davy ba ta ɗauke shi a bakin komai ba sai bara. Ya daure.

Cikin 1831 ya gano yadda za a sami lantarki in an motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya. Wannan kowa ya sani. Amma ni abin da ya fi kama mini hankali shi ne aikinsa na 1833 da 1834. In ka tsoma ƙarafa biyu cikin ruwan da aka narka gishirin tagulla, ka sa lantarki ya ratsa, tagulla za ta taru jikin ƙarfe guda. Faraday ya auna, ya ga in an ninka yawan lantarkin, nauyin tagullar ma ninkawa yake yi, ba ragi ba ƙari.

To, ina ruwan wannan da nono? Saniya ta yi ciwo, an yi mata allurar magani, an tatse ta tun maganin bai fita jikinta ba. Ido ba ya ganinsa cikin ƙwarya. Mu sha yau, mu sha gobe, har ƙwayoyin cuta su saba da shi, ran da yaro ya kwanta kuwa maganin ya ƙi ci. Yanzu masana sun juya lissafin Faraday. Su ɗiga nonon a kan wani ɗan falle mai ƙarafa, maganin ya karɓi lantarki ko ya saki, daga yawan abin da ya gudana a san yawan maganin. Shi kansa bai ga ko penisilin ba, don sai 1928 aka gano shi.

Ya kuma iya koyarwa. Sau 19 yana yi wa yara jerin laccoci lokacin Kirsimeti, har da na kyandir, inda ya bi musu harshen wuta ɗaya daki-daki. Na tuna da wannan ran da na tsaya gaban aji gwajin koyarwa, ba ni da komai sai alli.

Sau biyu aka nemi ya shugabanci Royal Society, ya ƙi. Da tsufa ya zo, mantuwa ta dame shi, har ya bar aiki. Ya mutu ran 25 ga Agusta, 1867, aka binne shi a maƙabartar Highgate.