Malamin Da Ya Rubuta Shaihu Umar

An haifi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauci cikin 1912. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa. A shekarar nan ne Dokta East na Ofishin Juye-juye na Zariya ya nemi malamai su ƙago labarai da Hausa. Malam Abubakar ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934.

Labarin yaro ne ɗan Kagara wanda aka sace, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi ƙasar Masar ya ba shi ilmi. Uwarsa ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai tana gab da rasuwa.

Sauran tarihinsa mun san shi. Ya yi karatu a Landan a 1945. A 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi cikin Janairu 1966, aka binne shi a Bauci.

Amma littafin bai bi shi kabari ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya ɗauke shi a majigi, Umaru Ladan ya fito a Shaihu. Wannan aiki ba ƙarami ba ne. Marubuci ya ce fada ya wuce, amma mai shirya wasa dole ya nemo riga saƙi da rawani, da makaɗa da maroƙa. Ta haka masaƙi da marini da makaɗi suka sa hannu cikin labarin, wanda bai iya boko ba ya gani da idonsa. An gyara majigin, aka nuna shi a Balin ta Jamus a 2018.

To, malamanmu na Wagini da Batsari da Safana, mu tuna marigayin bai fi shekara 22 ba sa'ad da littafin ya fito, alli na hannunsa. Masaƙa da makaɗa muna da su. Saura mai rubutawa. Allah ya jiƙansa, amin.