Likita Fredric Wertham: Mutumin Da Ya Ja Da Superman

A ɗakin kwananmu akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa. Da an tashi daga karatun dare, kafin a kashe fitila, sai a ɗauko ta. Asalinta kuwa 'yan littattafan nan ne na zane da ake kira komik, waɗanda wani ɗan ajinmu ya zo da su bayan hutu, muka yi ta karɓa-karɓa har bangonsu ya yage. Mun kasu kashi uku. Kashi na farko, wanda nake ciki, mun tsaya a kan Superman ya fi kowa halin kirki, domin ga ƙarfi Allah ya ba shi amma ba ya zalunci. Kashi na biyu suka ce Batman ya fi, don shi mutum ne kamar kowa, harsashi yana iya kashe shi, amma duk da haka yana fita. Kashi na uku mutum ɗaya ne tak, wani yaro marar yawan magana. Shi abin da yake tambaya kullum shi ne wanda ya naɗa su. Ba alƙalai ba ne, ba 'yan sanda ba ne, sun rufe fuska suna dukan mutane, sa'an nan mu muna tafa musu.

Da abin ya ishe mu sai muka kai wa malaminmu na Turanci. Ya yi dariya, ya ce wannan gardama ta girmi iyayenmu, in muna son sanin tushenta mu nemi labarin wani likita mai suna Fredric Wertham. Na nema, na karanta, kuma abin da na samu shi ne zan ba 'yan'uwana ɗalibai a nan.

An haifi Wertham a ƙasar Jamus ran 20 ga watan Maris, 1895. Iyayensa Yahudawa ne, sunan gidansu Wertheimer, daga baya ne ya taƙaita shi. Ya yi karatu a Landan da wasu jami'o'in Jamus, ya sami takardarsa ta likita a Jami'ar Wurzburg cikin 1921. Fannin da ya zaɓa shi ne ciwon taɓin hankali. Cikin 1922 ya ƙetare zuwa Amurka, ya kama aiki a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, a ƙarƙashin wani babban likita mai suna Adolf Meyer. Tun daga nan ya riƙe ra'ayi guda wanda bai sake shi ba har ya mutu, watau ba a haifar mutum da mugunta, abin da ke kewaye da shi ne ke gyara shi ko ya ɓata shi. Duk alherin da ya yi a rayuwarsa, da duk kuskuren da ya yi, daga wannan ra'ayi suka fito.

Cikin 1932 ya koma birnin New York, inda aka ɗora masa aikin duba hankalin waɗanda kotu ta kama da manyan laifuffuka. Ya zauna da masu kisan kai da yawa, yana tambayarsu yadda suka tashi da abin da suka gani suna yara. A nan ne kuma ya lura da wani abu da ya dame shi. Baƙaƙen fata na unguwar Harlem, in ciwon hankali ya kama ɗayansu, ba shi da inda zai nufa, don yawancin likitoci ba sa karɓar su, ko kuwa kuɗin ya fi ƙarfinsu. Ya nemi hukuma ta taimaka, ba ta taimaka ba. Sai cikin 1946 shi da abokansa, har da shahararren marubucin nan baƙar fata Richard Wright, suka buɗe wani ɗan asibiti a ɗakin ƙarƙashin wata majami'a a Harlem, suka sa masa suna Lafargue. Likitocin da ke wurin ba a biyansu ko kwabo, da yamma suke zuwa bayan sun tashi daga wuraren aikinsu. Marar lafiya yana biyan rubu'in dala, wanda ba shi da shi kuma a duba shi kyauta.

Wannan aiki ne ya kai shi ga abin da nake gani shi ne mafi girma a rayuwarsa. A zamanin nan jihohi da yawa na Amurka sun raba makarantu, na farare dabam, na baƙaƙe dabam. Cikin 1951 lauyoyin baƙaƙen fata suka kai ƙarar jihar Delaware, suka roƙi Wertham ya duba waɗansu yara 'yan makaranta, farare da baƙaƙe, ya faɗa wa kotu abin da ya gani. Ya duba su, ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida cewa raba yara saboda launin fata ciwo ne da hukuma ke sa musu a zuciya da hannunta. Cikin 1952 alƙali Collins Seitz ya yi umurni a karɓi yaran baƙaƙe a makarantun farare. Shari'ar nan tana cikin waɗanda aka haɗa aka kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ran 17 ga Mayu, 1954, cewa raba makarantu ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar.

To, ina ruwan irin wannan mutum da komik? A asibitin nan na Harlem ne ya riƙa ganin yara da littattafan a aljihunsu. A lokacin komik ya cika Amurka, santi goma ake sayar da ɗaya, kuma ba na jarumai kaɗai ba ne. Cikin waɗanda suka yi kasuwa sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu akwai na 'yan fashi da na ban tsoro, inda ake zana yanka da tsiyayar ido da jini faca-faca, a sayar wa yaro ɗan shekara bakwai. A cikin waɗansu kuma ana zana baƙar fata da mutanen Afirka kamar dodanni ko wawaye. Wertham ya fara rubutu a kan haka tun 1948, shekarar da aka tara komik aka ƙone a harabar waɗansu makarantu. Cikin watan Afrilu 1954 ya fitar da littafinsa mai suna Seduction of the Innocent, ma'anarsa yaudarar waɗanda ba su san komai ba, watau yara.

Bai ƙyale jarumanmu ba. A ganinsa Superman yana koya wa yaro cewa ƙarfi shi ne gaskiya, cewa akwai wani jinsi na musamman wanda ya fi sauran mutane, kuma matsala ba ta warwaruwa sai da naushi. Ga mutumin da ya fito daga Jamus, ya ga abin da Hitler ya yi da irin wannan tunani, ba abin wasa ba ne. Ya kuma zargi Batman da Wonder Woman da ɓata tarbiyyar yara ta wajen zaman maza da mata. Ran 21 ga Afrilu, 1954, ya ba da shaida gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka mai binciken laifuffukan yara, aka nuna zaman a talabijin.

A nan zuciyata ta tashi, don na san wani abu game da Superman. Samari biyu ne Yahudawa 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan baƙin haure marasa hali, suka ƙago shi. Ya fara fitowa cikin 1938, bayan sun sayar da shi a kan dala 130. A labaransa na farko azzaluman masu kuɗi da masu dukan matansu yake wa horo. Cikin 1940 ma wata jaridar 'yan Nazi ta zagi Siegel saboda shi. Ashe wanda mutanen Hitler suka ƙi, shi ne Wertham ya ga kamannin Hitler a jikinsa.

Masu buga komik suka tsorata kada gwamnati ta yi musu doka, sai suka riga ta. Kafin shekarar 1954 ta ƙare sun kafa hukumar tace komik ta kansu, mai buga hatimi a bangon kowane littafi. Dokokinta sun ce dole nagari ya yi nasara a kan mugu a kowane labari, kada a nuna ɗan sanda ko alƙali a wulaƙance, kada a zana jini ko fatalwa mai shan jini. Littafin da ba shi da hatimi, dillalai da yawa ba sa ɗauka. Kamfanoni da dama suka rufe, masu zane da yawa suka rasa abinci. Kamfanin EC na William Gaines ya daina buga na ban tsoro gaba ɗaya, mujallarsa ta barkwanci mai suna Mad kaɗai ta tsira.

Abin mamaki, Wertham bai ji daɗin wannan hukuma ba. Shi abin da ya nema a hana sayar wa yaro da bai kai shekara 15 ba irin waɗannan littattafai. Kuma hukumar ta yi abin da ya saɓa wa duk aikin rayuwarsa, don ta taɓa neman hana wani labari na EC saboda jarumin da ke ciki, ɗan sama jannati, baƙar fata ne, sai da Gaines ya kafe sa'an nan aka buga shi cikin 1956. Jarumai masu rufe fuska kuwa, waɗanda kasuwarsu ta yi sanyi, su ne suka ci ribar abin. Da aka kawar da na 'yan fashi da na ban tsoro sai fili ya zama nasu, daga 1956 suka dawo da ƙarfinsu. An je neman gira an rasa ido ke nan. Hukumar ta yi ta raguwa, har cikin 2011 kamfanoni na ƙarshe suka daina amfani da hatiminta.

Wertham ya ci gaba da rubutu a kan tashin hankali. Littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito cikin 1973, a kan 'yan mujallun da masoya komik ke bugawa da kansu ne, kuma yabonsu ya yi, ya ga hanya ce mai kyau ta zumunci tsakanin matasa. Su kuwa ba su yafe masa ba. Ya rasu ran 18 ga Nuwamba, 1981, a Kempton ta jihar Pennsylvania, yana da shekara 86.

Amma labarinsa bai ƙare da mutuwarsa ba. Cikin 2010 babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya buɗe takardunsa ga masu bincike. Wata malamar Jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta zauna ta gwada abin da yaran suka faɗa masa a asibiti da abin da ya buga a littafi, ta fitar da sakamakon cikin 2012. Ta tarar ya canza shekarun waɗansu yara, ya haɗa maganar yara biyu ya mai da ita ta mutum ɗaya, ya kuma ɓoye cewa waɗansunsu daga gidajen da suka lalace suka fito, don laifin duka ya faɗa kan komik. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da bayan shekara hamsin da takwas. Ban da wannan ma, akwai gurgun lissafi a cikin hujjarsa tun farko. Yaran da ya duba masu matsala ne, kuma suna karanta komik, amma ai a lokacin kusan kowane yaro a Amurka yana karantawa, har da waɗanda ba su taɓa satar ko allura ba.

Da na gama karatun nan sai na rasa inda zan ajiye shi. Na fara ne ina neman mugu, irin wanda Superman zai ɗauka ya jefa kurkuku a shafi na ƙarshe. Sai na sami mutumin da ya duba talakawan Harlem a kan rubu'in dala, ya taimaka aka buɗe wa yara baƙaƙe ƙofar makaranta, kuma shi ɗin dai ya murɗa maganar yaran da suka amince masa. Wata ɗaya ne kacal tsakanin fitowar littafin da ya zubar masa da mutunci da hukuncin kotun da ya ɗaukaka shi. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, laifin da ya ga Superman da shi, shi ma ya faɗa cikinsa. Ya tabbata a ransa cewa shi ke da gaskiya, yana kuma da ƙarfi irin na ilmi da muƙami wanda ba mai iya ja da shi, sai ya ga ba laifi in ya tsallake ƙa'ida don ya ceci yara. Kyakkyawar niyya ba ta wanke ƙarya. Amma kuma ƙaryar da ya yi ba ta kashe tambayarsa ba, wadda ita ce tambayar yaron nan na ɗakinmu: mai ƙarfi, in ya yi kuskure, wa zai tsawata masa?

Na koma na ba 'yan ɗakinmu labari. Mutanen Batman suka ce ba su ga abin da ya canza ba, yaron nan kuwa murmushi kawai ya yi. Ni har yanzu ina tare da Superman, sai dai dalilina ya sake. Da ƙarfinsa nake so, yanzu kuwa abin da ke burge ni shi ne yana iya yin abin da ya ga dama amma yana kame kansa. Wannan kuwa darasi ne gare mu, musamman mu manyan ɗalibai da aka ba mu iko a kan ƙannenmu 'yan aji ɗaya, waɗanda ba su da bakin kai ƙara. Allah ya ba mu ikon riƙe gaskiya, ko da a kan wanda muke ƙi ne, amin.