Nansen da jirginsa cikin ƙanƙara

An haifi Firitiyof Nansen a ƙasar Norwe a shekara ta 1861. Masanin halittun ruwa ne, kuma gwanin tafiya bisa ƙanƙara.

A ƙuryar arewacin duniya akwai wata teku wadda sanyi ya daskarar da ruwanta. Idan ƙanƙara ta matse jirgi, sai ta murƙushe shi kamar ƙwarya. Haka ta yi wa wani jirgin Amurka kusa da Siberiya a 1881. Bayan shekara 3 aka tsinci tarkacensa can gefen Girinlan. Nansen ya gane ashe ƙanƙarar tafiya take yi. Sai ya ƙudura ya bar ta ta kama jirginsa da gangan, ta tafi da shi. Manyan matafiya da dama suka ce wannan hauka ne.

Ya sa aka ƙera masa jirgi mai suna Fram, wato gaba. Gindinsa zagayayye ne kamar akushi, don in ƙanƙara ta matso, ta tura shi sama. Suka tashi a watan Yuni 1893, su 13, da abincin shekara 5. A watan Satumba ƙanƙara ta riƙe su.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Lokacin sanyi rana takan ɓace wata da watanni. Suka kafa injin da iska ke juyawa, yana ba su wutar lantarki. Dare da rana suna auna sanyi da iska, suna rubutawa. Sukan huda ƙanƙara su zura igiya don su san zurfin ruwa. Da can ana tsammanin tekun ba ta da zurfi, shi ya sa igiyarsu ta gaza. Dole suka warware igiyar ƙarfe ta jirgin, suka ƙulla wata. Zurfin ya wuce mita 3000! Suka kuma tarar da ruwa mai ɗan ɗumi a ƙarƙashin mai sanyi.

A watan Maris 1895 Nansen ya bar jirgin, shi da abokinsa Johansen da karnuka, suka nufi ƙuryar duniya. Ba su kai ba, amma ba wanda ya taɓa zuwa inda suka je. Suka ci sanyi cikin bukkar duwatsu, suna cin naman dabbobin da suka harbo. A watan Agusta 1896 suka isa gida. Bayan mako guda Fram ya iso, ba a rasa ran kowa ba.

Daga baya Nansen ya taimaki ƴan gudun hijira, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1922. Ya rasu a 1930.