Eldridge Cleaver: Shekara Bakwai Na Gudun Hijira

An haifi Eldridge Cleaver a shekara ta 1935 a jihar Arkansas ta Amurka, ya kuwa girma a birnin Los Angeles. Tun yana yaro ya saba da gidan wakafi. A 1958 aka ɗaure shi saboda kai hari da nufin kisa, kuma a kurkuku ne ya rubuta littafin da ya fito da sunansa, Soul on Ice. A cikinsa ya amsa da bakinsa cewa ya yi wa mata fyaɗe, abin da masu yabonsa sukan tsallake.

Bayan an sake shi a 1966, ya shiga ƙungiyar Black Panther, wadda ta ɗauki makami domin kare baƙar fata daga zaluncin 'yan sanda, ya zama kakakinta. Ran 6 ga Afrilu 1968, kwana biyu bayan kisan Martin Luther King, suka yi musayar wuta da 'yan sanda a Oakland. Aka kashe Bobby Hutton, ɗan shekara 17, shi kuma Cleaver ya ji rauni. Da ya ga za a mayar da shi kurkuku, sai ya tsere zuwa Kyuba, daga can Aljeriya, daga bisani Faransa.

Shekara bakwai yana gudu. Ya ziyarci ƙasashen kwaminis da ya daɗe yana ɗaukaka, ya tarar da danniyar da ba ta kasa wadda ya baro ba. Ƙungiyarsa ta rabu, 'ya'yansa biyu suna girma a baƙuwar ƙasa. Bisa ga shaidarsa, wani dare a kudancin Faransa, lokacin da yake tunanin kashe kansa, ya ga fuskokin gwarzayensa, su Castro da Mao, suna shuɗewa a jikin wata, daga ƙarshe fuskar Yesu ta bayyana. Ya fashe da kuka, yana maimaita Zabura 23 da Addu'ar Ubangiji. A Nuwamba 1975 ya koma gida ya miƙa kansa ga hukuma.

A nan ne mu masu bi muke son labarin ya tsaya, amma bai tsaya ba. Ikilisiyoyi suka yi ta rububinsa yana ba da shaida daga wannan majami'a zuwa waccan. A ganina an ɗora shi a kan bagade tun kafin a zaunar da shi a koya masa. Ba da daɗewa ba ya raɓi ƙungiyar Sun Myung Moon, a 1983 kuma ya karɓi baftismar Mormon. Aurensa ya mutu a 1987, hodar ibilis ta kama shi, ya sha fama kafin ya rabu da ita. Ya rasu ran 1 ga Mayu 1998 a Kalifoniya, yana da shekara 62.